Kowane Shekaru da Abin da Ke Cinye Masa Data

A sana'armu ta gyara da saita waya, ƙorafin da ya fi yawa shi ne "data ba ta jimawa". Kafin mu taɓa wayar, sai mun dubi shekarun mai ita, domin abin da ke cinye datar ɗan shekara 25 ba shi ke cinye ta dattijo ba.

Ta matasa a bidiyo take tafiya: TikTok, YouTube, Instagram, tun daga farkawa har kwanciya. Kallon awa ɗaya a YouTube a kan ingancin hoto na 720p na iya lashe kusan 1GB. In aka sauke shi zuwa 360p ba zai kai rabin haka ba, kuma a ƙaramin allo ido bai cika ganin bambancin ba. Wayoyinsu ne kuma suka fi zuwa da kumburarren batir, don suna kallo waya na jone da caji, zafi kan zafi.

Masu matsakaicin shekaru kuwa WhatsApp ne ke cinsu. Ga zauren wurin aiki, ga na dangi, ga na tsofaffin abokan makaranta, in saukar kai tsaye na kunne, kowane hoto da bidiyo yana sauka da kansa ko ba a buɗe ba. Waya mai 32GB sai ta cika, ta fara nauyi, mai ita ya ɗauka lalacewa ta yi. Gyaran ba wuya: a shiga saitin ajiya da data, a kashe saukar kai tsaye, a share fayilolin da suka haura 5MB, waɗanda WhatsApp ke warewa da kansa. Play Store kuma a hana shi sabunta manhajoji sai da Wi-Fi.

Dattawa ba su cika kashe data ba, yawanci saƙon murya ne da kiran 'ya'ya da jikoki. Damuwarmu da su daban ce. Wani zai kira da ladabi ya ce, "Baba, karanto min lambobi shida da suka shigo maka yanzu." Da zarar ya karanta, an ƙwace masa WhatsApp, a shiga roƙon kuɗi da sunansa. Shi ya sa wayar dattijo ba ta barin hannunmu sai mun ƙara girman rubutu, mun kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da WhatsApp zai nema kafin a buɗe shi a wata waya, ya zaɓi lambar sirrinsa da kansa, ya rubuta ta a takarda ya adana a gida.