Rigimar fis, da sauran abin da na koya a sashen gwaji

Yanzu da na bar sashen gwajin na'urori, ina ganin ya dace waɗanda za su gaji aikina su san yadda rigimar da muka yi a kan fis, wato ɗan abin da ke yanke wutar lantarki idan ta yi wa na'ura yawa, ta faro, domin rahoton da aka ajiye bai faɗi komai a kanta ba.

Mutane da yawa, har da wasu injiniyoyi, ampiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, kawai suke dubawa idan za su zaɓi fis: na'ura tana jan ampiya ɗaya, sai a sa mata mai ampiya biyu, a wuce wurin. Alhali aikin fis ba ya ƙarewa da narkewar siririyar wayar da ke cikinsa. Idan wayoyi suka haɗe a bakin da wuta ke shigowa, abin da zai bi ta cikinsa yana iya kai ɗaruruwan ampiya a ƙiftawar ido, kuma ko bayan wayar ta tsinke, tartsatsi na iya ci gaba da tsallakawa tsakanin bakunan biyu. Saboda haka ne ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙananan fis, IEC 60127, ta bambanta fis mai harafin L, wanda galibi na gilashi ne kuma iyakar abin da zai yanke lafiya ampiya 35 ne ko ninki goma na ampiyar da aka rubuta a jikinsa, da mai harafin H, na tangaran cike da yashi, wanda ke iya yanke ampiya 1500 domin yashin yana kashe tartsatsin.

Shugaban sashenmu ya ba da umarni a sauya na tangaran da na gilashi don rage kuɗin ƙira. Na rubuta masa dalilina dalla-dalla, amsarsa kuwa ita ce ampiya biyu ai ampiya biyu ce. Da aka zo gwajin haɗewar wayoyi, gilashin ya tarwatse, baƙin hayaƙi ya shafe allon na'urar, layin tagulla da ke kusa da shi ya ƙone har ya ɗago. A taron da ya biyo baya, sai ya ce sashen gwaji ne bai ankarar da shi ba. Wasiƙata tana nan da kwanan wata a jikinta, amma babu wanda ya nemi ganinta, ni kuwa na lura cewa ba a son a gani. Aka mayar da fis mai H shiru, aka kuma yaba masa da saurin gyara. Shawarata ga mai shigowa ita ce duk wata ƙin amincewa a kan kariya ya aika kwafinta ga mutum fiye da ɗaya.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Fis a kan waya mai wuta ake sa shi, domin idan a nutural yake, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, zai tsinke ya bar cikin na'urar da wuta. Gobara yake hanawa, ba ya hana wuta jan mutum. Wannan aikin wayar ƙasa ne, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa, da na'urar da ke yankewa idan wuta ta zurare da miliampiya 30. A bar wayar ƙasa ta fi sauran tsawo, yadda idan aka fizgi igiyar ita ce za ta cire a ƙarshe. Kafasitar da ke tsakanin waya mai wuta da nutural kuwa, wato abin da ke riƙe caji, a sa mata abin sauke caji, don kada ƙafafun fulogi su ja wanda ya taɓa su bayan an zare.