Asabar a Agege: kek ɗin gyaɗa da kabeji kashi biyu

Ruwa aka kwana ana yi, irin na watan Yuni da ba ya sallama. Tun shekaranjiya Baban yara ya sanar da ni Gwaggonsa za ta zo mana wuni daga Idi Araba, na kuwa ƙudurta sai ta ci abin da bakinta bai saba ba. Dafa-duka da kaza ba su dame ni ba, ko ido a rufe zan yi su. Kek da salak ne suka hana ni sukuni.

Gyaɗar da na soya makon jiya na zuba a roba, da na ɗanɗana yau sai na ji ta yi lagwas kamar an jiƙa. Laimar Legas ke nan. A Kano sai gyaɗa ta yi wata guda a kwano tana ƙaras-ƙaras, a nan ko gishiri ka bari a buɗe sai ya tara ruwa. Na mayar da ita kasko a ƙaramar wuta, na murza ɓawon, na daka sama-sama a turmi. Kada ta yi laushi, in ta fara fitar da mai an kama hanyar tunkuza.

Ga awon, don kar in manta kamar na wancan karon. Fulawa kofi 2, bota giram 250, ƙwai 4, sukari kofi ɗaya ba cikakke ba, bekin foda ƙaramin cokali 2, gyaɗar ƙamshi kaɗan, madara rabin gwangwani, dakakkiyar gyaɗa kofi ɗaya. Bota da sukari na fara bugawa da muciya har suka yi fari, sannan ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗar kuwa sai da na barbaɗe ta da fulawa kafin na zuba, in ba haka ba duk ƙasan gwangwani take komawa ta kwanta. Na rage 'yar kaɗan na watsa a sama.

Na kunna oben a digiri 180, ban ma sa gwangwanin ba aka ɗauke wuta. Ban tsaya jiran tsammani ba. Na jawo tsohuwar tukunyar nan mai yashi a ciki, na ɗora a gas ta yi zafi minti 10, na jera murafen gwangwani a kan yashin, na aza kek na rufe. Haka Innarmu take gasa na Sallah tun ba mu san oben ba. Wuta ƙasa-ƙasa, kuma ba a buɗewa. 'Yar autata sau uku tana miƙa hannu wai za ta leƙa, sau uku ina kore ta. Bayan minti 50 na soka tsinke ya fito a bushe. Gindin ya ɗan yi duhu, na kankare da wuƙa, ba wanda zai sani.

Kabejin kuwa Baban yara ne ya taho da shi jiya daga kasuwar Mile 12, inda motocin Arewa suke sauke kaya, ya ce na Jos ne. Nauyinsa a hannu ya isa shaida. Rabinsa na yanka siriri-siriri, na goga karas 2, na sa albasa 'yar kaɗan. Da can ina gama yanka nake kwaɓa mayonis, kafin a zauna cin abinci ruwa ya taru a ƙasan kwano, abin ya koma kamar miyar da ta tsinke. Wata maƙwabciyata Bayarabiya mai yin girkin biki ce ta ce mini in riƙa barbaɗa gishiri cokali ɗaya in bar shi a kwando rabin awa. Gishirin ne ke tsotso ruwan tun da wuri. Na ɗauraye, na matse a tsumma mai tsabta, na ajiye. Mayonis cokali 4, rabin lemun tsami da ɗan sukari na haɗa daban, ban zuba ba sai da na ji sallamar Gwaggo.

Ta iso bayan azahar, zaninta a jiƙe, tana mitar cunkoson Oshodi. Da na ajiye mata salak ta dube shi ta dube ni.

"'Yar nan, wannan farin man fa? Kabeji ai kwaɗo ake yi da shi. Ba ki da ƙuli ne?"

Na ce, "Akwai, Gwaggo, bari in haɗo miki."

Allah Ya taimake ni na rage matsattsen kabejin. Na daka ƙuli-ƙuli da yaji, na yanka tumatir, na ɗiga man gyaɗa. Ban so faɗa a gabanta ba, amma kwaɗon ya fi. Har ni na koma kansa, yara suka cinye mai mayonis ɗin.

Kek ɗin dai bai sha suka ba. Ta ci yanka biyu da shayi, ta ce sukarin ya yi mata daidai, ta sa na naɗe mata sauran ta tafi da shi wa jikokinta. Baban yara ya dawo bayan isha'i yana tambayar rabonsa, na nuna masa ƙanzon da na kankare. Gobe in an kawo wuta zan sake wani, amma sai ya sayo ƙwai.