Na je gidan kakan Churchill

Bikin kammala karatun ɗan yayata ne ya kai ni Oxford, kuma da don ta ni ne da na ƙare kwanakina a ɗaki kusa da na'urar ɗumama gida. Yaron ne ya matsa: "Haba Kawu, kai da ba ka da hira sai ta tarihi, ka zo har nan ka koma ba ka ga inda aka haifi Churchill ba?" Wato Winston Churchill, Firayim Ministan Birtaniya lokacin yaƙin duniya na biyu. Muka hau bas zuwa Woodstock, garin da fadar Blenheim da aka haife shi a ciki take, tafiyar kamar rabin awa.

Lokacin da muka je, kuɗin shiga fadar Blenheim kusan fam 40 ne mutum ɗaya. Na fara juya shi zuwa naira da ƙarfi, yaron ya kama hannuna ya ce, "Kawu don Allah bari, kada jininka ya hau." Na biya ina ƙunƙuni. Amma da na ga ginin, da gadarsa, da tafkin da aka haƙa don kwalliya kawai, sai bakina ya mutu. Ni da na ɗauka na san girman gidan sarauta!

Sarauniya Anne ce ta ba John Churchill, kakan kakannin Winston, filin, tukwicin nasarar da ya yi kan sojojin Faransa a 1704, aka soma gini a 1705. Shi ne Duke na Marlborough na farko, wato babbar sarautar gado ta Turawan Ingila. Abin da ya ba ni dariya shi ne kuɗin hayar: har yau duk shekara tuta ɗaya irin ta Faransa suke aikawa fadar sarkin Ingila da ke Windsor, shi ke nan. Na ce wa yaron ko goron gaisuwar hakimi ya fi wannan tsada.

Ɗakin da aka haifi Winston Churchill ranar 30 ga Nuwamba 1874 ɗan ƙarami ne a ƙasa, bai kai falon wasu 'yan kasuwarmu ba. A nan na tambayi wani dattijo mai yi wa baƙi bayani, shekara nawa Churchill ya yi yana mulkin gidan. Ya yi murmushi ya ce ai bai taɓa mallakarsa ba. Kakansa ne Duke na bakwai, amma mahaifinsa, Lord Randolph, ƙani ne, kuma a wurinsu babban ɗa ke kwashe sarauta da gida da gona gaba ɗaya. Na tsaya ina jinjina abin. A garinmu da tuni an kira malamai an yi rabo, kowa ya ja katangarsa, bayan jikoki biyu fadar ta zama unguwa. Nasu tsarin ya tsare gida, ba musu, sai dai ni ban ga adalci a ciki ba. Ƙannai sai su nemi na kansu a soja ko siyasa. Randolph ya kai ministan kuɗi a 1886, ya yi murabus cikin fushi a shekarar, bai sake komawa gwamnati ba, ya mutu yana da shekara 45.

Kuma duk girman nan, aljihu ya sha bushewa. Duke na tara sai da ya auro 'yar attajiran Amurka, Consuelo Vanderbilt, a 1895, kuɗin gidansu ya gyara fadar, auren kuma ya mutu. Mahaifiyar Winston ma, Jennie Jerome, 'yar Amurka ce. Yaron ya raɗa mini cewa a gidan nan ne aka sace masai na zinariya a 2019. Na ce to, ɓarawo dai ba shi da ƙasa.

Ina kallon hotunan Winston na yaƙin duniya na biyu, amma hankalina na wani wuri. Mutumin nan yana cikin mahayan da suka yi sukuwa a yaƙin Omdurman na ƙasar Sudan a 1898, kuma shi ne ƙaramin ministan mulkin mallaka lokacin da aka shafe Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Ya nuna rashin jin daɗinsa da yawan zubar da jinin da ake yi a Afirka ta Yamma, amma waɗanda suka mutu sun riga sun mutu. Ban ce wa dattijon komai ba, ya yi mini kirki.

Shayi a wani shago cikin gari fam huɗu, ruwa-ruwa, mai sayarwar ko kallona ba ta yi ba. Mai shayin bakin tasharmu ya fi ta hannu, ya fi ta fara'a.

Daga nan muka taka zuwa ƙauyen Bladon, ruwa ya tsuge mana a hanya. Wata tsohuwa ta tsayar da motarta ta ɗauke mu har ƙofar cocin St Martin, na miƙa mata kuɗi ta ɓata rai kamar na zage ta. Kabarin Winston a nan yake, dutse ne shimfiɗe kurum, kusa da na iyayensa, matarsa Clementine na tare da shi. Ya rasu 24 ga Janairu 1965, rana ɗaya da mahaifinsa, shekara 70 tsakani.

Washegari Landan, jibi jirgi. Takalmina bai bushe ba sai a Kano.