Ƙwayar da na share da hannuna

A ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin binciken da na yi shekara uku a cikinsa a Jamus, amma har yau wata ƙwayar cuta guda ɗaya da ke cikin hanta tana tsaye min a rai.

Aikina shi ne bin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a lokacin da take ɓuya cikin hanta. An sa mata furotin GFP mai ƙyalli, saboda haka a madubin haske, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa, takan fito kore shar. Sai dai madubin haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), fatar da ƙwayar ke lulluɓa da ita kuwa ta fi haka siranta nesa ba kusa ba. Dole sai madubin ilektiron, shi kuma baƙi da fari yake nunawa, sinadarin osmiyam ɗin da ake jiƙa samfurin da shi ma yana kashe koren. Abin dogaronka kawai wajen sake gano ƙwayar shi ne gilashin da samfurin ke kai, mai zanen gidaje, wanda zanensa ke fitowa a fuskar ƙaron da ake zuba wa samfurin bayan ya daskare.

Na yi makonni kafin na dace da ƙwayar da ta kai matakin da nake nema. Na ɗauki hotonta a kusurwar dama ta gidanta. Na bi ta sinadarin glutaraldehaid mai ƙame samfur, osmiyam, ƙaro, kwana biyu a tanda a digiri 60, na ɓalle gilashin da ruwan naitrojin. Sannan na sa reza na gyare kewayen, na bar kusurwar dama. Ashe fuskar ƙaron a juye take da hoton, dama ta koma hagu. Kwana uku ina yanka da wuƙar daimon, kauri nanomita 70, ina dubawa, babu komai. Ƙwayar tana cikin ɓarɓashin da na share tun ranar farko.

A taron mako shugabanmu ya ce a gaban kowa wannan aiki ya fi ƙarfina. Ban musa kuskurena ba, amma maganar juyewar nan babu ita a takardar ƙa'idar ɗakin, kuma babu wanda ya taɓa faɗa min. Wata dattijuwar ma'aikaciya ce ta zaunar da ni washegari, ta juya hoton a kwamfuta, ta buga shi, ta ajiye min kusa da reza.

Sauran darussan ba su da tsawo: ka ɗauki hoton dukan gidan da maƙwabtansa, ka shirya samfur biyu, kada ka taɓa osmiyam idan ba a akwatin zuƙar iska ba.

Bayan wata biyar na samo wata ƙwayar, hoton madubin haske da na ilektiron suka hau juna daidai. Layin juya hoto ni na ƙara shi a takardar ƙa'ida, yana nan manne kusa da injin yanka da rubutun hannuna. Shugaban yakan nuna wa sababbin ɗalibai shi, bai taɓa faɗin wanda ya rubuta ba.