Sana'armu ta tsare makarantu daga 'yan dandatsa

Duk lokacin da na ce wa mutum aikina tsare kwamfutocin makarantu daga masu kutse sai ya yi dariya, wai me ɓarawo zai samu a makaranta, alli? To ai makaranta rumbun bayanai ce guda. Sunan yaro da ranar haihuwarsa, lambar wayar iyaye, adireshin gida, ciwon da yake fama da shi, makin jarrabawa, asusun da ake tura wa malamai albashi, duk suna cikin kwamfuta ɗaya a ofis, kuma kalmar sirrinta na rubuce a 'yar takarda an manna ta a gefen allo. Wallahi na gani da idona ya fi a ƙirga.

Kuma ba ƙananan makarantu kaɗai ake yi wa ba. A Satumban 2022 gungun masu kutse da ake kira Vice Society suka shiga na'urorin hukumar makarantun Los Angeles, ta biyu a girma a duk Amurka, aka ƙi biyan kuɗin fansa, suka watsa bayanan a intanet. Ita kuwa kwalejin Lincoln ta jihar Illinois rufe ta aka yi gaba ɗaya a Mayun 2022 bayan shekara 157, korona ta karya ta sannan harin da aka kai mata a Disamban 2021 ya ƙarasa ta.

Mu in muka shiga makaranta ranar farko ba ma ɗora komai, ƙidaya muke yi. Kwamfuta nawa, wa ke da izinin shiga ina, sai ka tarar malamin da ya bar aiki shekara uku da suka wuce har yanzu imel ɗinsa na aiki, ko ka tarar da wadda ke kan Windows 7 alhali tun Janairun 2020 Microsoft ta daina sabunta shi, Windows 10 ma ai tun Oktoban 2025 aka tsayar. Daga nan mu raba wayifai ɗin ɗalibai da na ofis, mu sa wa kowane ma'aikaci tabbaci mataki biyu yadda ko an sace kalmar sirri sai an samu lambar da ke zuwa wayarsa. Malamai kan yi ƙorafi sati ɗaya su saba.

Amma inda nake alfahari da aikinmu shi ne ajiyar bayanai ta ko-ta-kwana. Kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a ajiye can waje ba a haɗe da komai ba, don manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle bayananka sai ka biya kuɗin fansa, duk abin da ta iske a jone kulle shi take yi har da ajiyar taka. Sannan kowane zango mu zo mu gwada dawo da bayanan a gaban shugaban makaranta. Wannan wajen maigidana na koya, Allah ya saka masa da alheri. Wata da watanni ina yi masa ajiya ina ji da kaina, ranan kawai ya zare faifan ya miƙo min ya ce to dawo min da fayil ɗin watan jiya. Na buɗe, ashe sunayen fayil kawai nake kwafa, ciki wayam. Gumi ya karyo min, shi kuwa ko faɗa bai yi ba, kujera ya ja ya zauna har na gano kuskuren da kaina. Ba a jima ba WannaCry, wani nau'in manhajar garkuwa da bayanai, ya ɓarke a Mayun 2017 har wasu asibitocin Ingila suka tsaya, alhali tun Maris Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar Windows ɗin da ya bi ta ciki, mutane ne kawai ba su sabunta ba. Kwana muka dinga yi muna bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya 'yan na-iya ne, mutum ya zo da filash ɗauke da antibayros na sata, wato maganin cutar kwamfuta, wanda shi kansa sau tari da cutar a cikinsa, ya ɗora, ya karɓi kuɗi, ya ce an gama tsaro. Kai kuma ka kawo tsarin aiki mai makaranta ya ce ai wane ya ce zai yi a rabin haka. Sai tsakiyar dare ana gobe fitar da sakamako a kira ka, ranka ya daɗe komai ya kulle, wanen kuma wayarsa a kashe.

Da izinin hukumar makaranta mukan tura wa malamai imel na gwaji, wai an sauya ranar albashi danna nan ka gani. A wata makaranta shugabar da ta ba mu izinin ita ta fara dannawa, ta kira ni tana dariya, washegari ita ta tsaya gaban malamai tana nuna musu yadda ake duba adireshin mai aiko saƙo.

Makarantar da ke son mu duba ta, a tanadar mana sunayen ma'aikata na yanzu da waɗanda suka tafi, daga nan muke farawa. Don Allah kafin mu iso a ɓalle takardar nan ta gefen allo.