Tarihin Rayuwata, Kashi na 8: Shekaruna a Hannun Goggo

A makon jiya na tsaya a inda aka yaye ni aka kai ni ɗakin Iya, kakata ta wajen uba, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan fari a gidanmu. Wasu daga cikin dangi sun aiko mini da saƙo cewa in bar maganar Goggo, tun da ta riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙanta, na daɗe da yafe mata, amma ba zan tsallake shekarun da na yi a hannunta ba, domin a can aka nemi sauya mini abin da Iya ta koya mini game da ɓacin rai.

Iya ta rasu a 1976, shekarar da gwamnati ta soma shirin ilimin firamare kyauta, sai Goggo ta ɗauke ni riƙo ta sa ni a makaranta. Wannan alheri ne, kuma ban taɓa musun sa ba. Sai dai kuka haramun ne a gidanta. Da zarar ta ga leɓena ya fara rawa sai ta ɗaga muciya ta ce, "Haɗiye shi! Haƙuri maganin zaman duniya." Ba ta tambayar abin da ya faru, ko da kewar Iya ce ta taso mini. Nakan zaga bayan rumbu in cusa gefen zanena a baki in cije, har numfashina ya daidaita, sannan in wanke fuska in dawo tsakar gida. Inna kuwa, idan an kai ni gaisuwar Sallah, alkunya ba ta barin ta ko kama sunana, balle ta tambaye ni abin da ke damuna.

Ita ma Iya tana faɗin wannan karin magana, amma a ƙarshe take faɗin sa. Idan na shigo ina birgima sai ta ajiye kaɗinta, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta a kan tabarma, tana bubbuga bayana tana cewa, "Wa ya taɓa mini kishiya?" Sai ta ba ni ruwa a ƙoƙo, ta jira. Bayan na yi ajiyar zuciya take tambaya ko fushi nake yi ko tsoro nake ji, kuma sau da yawa ni take ba rashin gaskiya, ta tura ni in ba da haƙuri. Daga bakinta na fara jin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wanda ya fusata yana tsaye da ya zauna, idan bai huce ba ya kwanta.

Da na girma na shiga kwalejin horar da malamai, sai na tarar masana halayyar yara sun rubuta abin da tsohuwar nan take yi ba tare da ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ƙaramin yaro ba ya iya kwantar da hankalinsa shi kaɗai, yana aron natsuwar babban da ke kusa da shi ne har ya sami tasa, kuma sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke danne gaggawa ba ya kammala ƙosawa sai mutum ya doshi shekara 25. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su daskarar da fuska a gaban jariransu na ɗan lokaci, sai jariran suka yi ta ƙoƙarin jawo hankalinsu, daga bisani suka rikice suka kau da kai. Ban taɓa tuna wannan gwaji ba tare da fuskar Inna ta faɗo mini a rai ba, ko da yake na san al'ada ce ta ɗaure ta, kuma an gaya mini takan aika a asirce a dubo lafiyata.

Abin da yake ƙona mini rai har yau shi ne yadda 'ya'yan Goggo suke tinƙaho a taron biki cewa tarbiyyar uwarsu ce ta mai da ni mai sanyin hali. Shiru ta koya mini, kuma sai da na yi aure na haihu ina kasa buɗe baki in ce an ɓata mini rai, sai dai in kwana ina juyi. Haƙurin da na riƙe 'yan aji ɗaya da shi a duk shekarun koyarwata na Iya ne. Yaro ya fashe da kuka a aji, nakan durƙusa daidai tsawonsa in jira ya huce kafin in yi masa faɗa, kuma bulala ba ta taɓa zama a kan teburina ba.

Goggo ta sake ce mini "Haɗiye shi" ranar da aka zo da labarin rasuwar Baba, ina ajin ƙarshe na firamare. Yadda Baffa ya tsawata mata a gaban jama'a, da abin da ya biyo baya wajen rabon gado, shi zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.