Yadda muka tsaya wa juna a jami'a lokacin tarzomar Ingila

Watan Agusta hutu ne ga 'yan ƙasa a jami'o'in Ingila, amma mu baƙi muna nan. Masu digiri na biyu suna fama da rubutun kundi, mu masu digiri na uku kuwa dama ba mu san hutu ba. A haka tarzomar 2024 ta same mu. Ranar 29 ga Yuli wani matashi ya kashe yara mata uku da wuƙa a garin Southport. Kafin ka ce kwabo ƙarya ta cika intanet, wai Musulmi ne ɗan gudun hijira da ya shigo ta ƙaramin jirgin ruwa. Daga baya aka bayyana cewa a Cardiff aka haife shi, sai dai aikin gama ya gama. Ranar 30 ga Yuli aka yi wa masallacin Southport ruwan jifa, ranar 4 ga Agusta kuma aka yi yunƙurin cinna wa wani otal na masu neman mafaka wuta a Rotherham.

Jami'armu tana arewacin ƙasar, kuma a lokacin ni ke kula da ɓangaren mata a ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Abin da muka fara yi ba wata dabara ba ce: zauren WhatsApp na rakiya. Duk wadda za ta fita daga laburare da yamma sai ta rubuta, mutum biyu su raka ta tashar bas ko ƙofar gida. Cikin waɗanda suka fi ƙoƙari akwai 'yan'uwanmu Kiristoci daga kudancin Najeriya. Ɗayansu ya ce da ni, "Anti, mai jifa ba ya tsayawa ya tambayi addinina, fatata yake gani." Gaskiyarsa.

Inda muka sha wuya shi ne kai ƙara. An tofa wa wata ƙanwarmu yawu a hijabi tana jiran bas, ta dawo tana kuka, amma da na ce mu rubuta rahoto sai ta ce, "Yaya, a bar wa Allah, kada abin ya taɓa min biza." Tsoron nan yana zuciyar kusan kowane baƙo, kuma ba shi da tushe, don wanda aka zalunta ba ya rasa takardar zama saboda ya yi ƙara. Da muka zauna da hukumar makaranta, wata jami'a ta buɗe kwamfuta ta ce da mu cikin ladabi, a rubuce ba su ga ƙorafin da ya kai a ɗauki mataki ba. Raina ya ɓaci, amma na fahimci tsarinsu: abin da bai shiga takarda ba, a wurinsu bai faru ba. Daga ranar muka buɗe rajista. Rana, wuri, ainihin kalmomin da aka faɗa, wanda ya shaida. Wadda ta yarda sai mu taya ta kai rahoto ga jami'a, da 'yan sanda ta lambar waya 101, da ƙungiyar Tell MAMA mai tattara irin waɗannan bayanai tun 2012. Muka kuma koyi ambaton dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana nuna bambanci saboda addini. Ranar da muka koma da shafukanmu, salon maganar ya sauya.

A Nuwamba, watan wayar da kai kan ƙyamar Musulmi a Birtaniya, mun shirya lacca kamar kowa. Zauren ya cika, amma fuskokin duk namu ne da na abokanmu. Mai ƙinka ba ya zuwa laccarka.

Abin da ya yi aiki ƙarami ne, alwala. A hunturu rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, wato Azahar da La'asar da Magariba duk cikin lokacin darasi suke faɗawa. Sai ka ga ɗalibai a guje, kowa ya ɗaga ƙafa ya sa a wurin wanke hannu na banɗaki, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Masu shara suka fara ƙorafi, har aka manna wata takarda mai zafin harshe a ƙofa. Wasu cikinmu suka ce ai wannan ƙiyayya ce tsagwaronta. Ni ban ga haka ba. Mace ce ta goge wuri tun asuba, ta dawo ta tarar da tafki. Muka gayyace su shayi a ɗakin salla, muka nuna musu yadda ake alwala da dalilin wanke ƙafa, su kuma suka gaya mana mutum ya taɓa zamewa a wurin. Tare muka sa hannu a takardar neman a yi mana famfo na ƙasa mai wurin zama, kuma an yi. Dattijuwar da ta rubuta takardar nan mai zafin harshe ta zo buɗe-bakin da muka shirya a azumin 2025, ta ci masa har tana tambayar yadda ake yinta.

Akwai tambayar da ba ta ƙarewa da zarar an ji daga arewacin Najeriya nake: Boko Haram. Idan na ga mutum sani yake nema, nakan gaya masa mutanen Borno da Yobe, waɗanda galibinsu Musulmi ne, su suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu. Idan tsokana ce, nakan ce ina da darasi in wuce. Ba kowane mai tambaya ne ke bina bashin amsa ba, kuma haka nake gaya wa sababbin zuwa, don na ga yarinya ta kasa karatu saboda ta ɗora wa kanta kare addini gaba ɗaya.

Cikin gida ma da gyara. A ɗakin sallarmu wata 'yar'uwa ta taɓa tambayata yaushe na musulunta, don kawai ni baƙa ce. Na ce mata Musulunci ya shiga Kano tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji. Bayan haka muka nemi a riƙa ba 'yan Afirka huɗubar Juma'a da kujeru a kwamiti, aka yi ta ja-in-ja kafin a yarda.

Maganar darasin gwaje-gwaje da ke cin karo da sallar Juma'a har yanzu tana nan. Wasu sassa sun matsar da lokaci, wasu sun ce jadawali ba ya taɓuwa. Na miƙa rajistar da wasiƙun ga sabon kwamiti, kuma suna da zama da hukuma a zangon karatu mai zuwa.